Marigayi Abu Rannat, Alƙalin da Ya Kai Dokar Hartum Kaduna

'Yan'uwa, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, shugabanni sun ce a kawo tarihin wani babban mutum da aikinsa ya taɓa ƙasashen da muke safara a tsakaninsu. Na zaɓi marigayi Muhammad Ahmad Abu Rannat, ɗan Sudan na farko da ya zama Babban Jojin ƙasa. Dattawanmu na Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani sun san sunansa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai ƙarar cin amana kotun majistare a Kano ko Sakkwato, a inuwar aikin wannan mutum ya tsaya.

Ya hau kujerar a 1955, lokacin da Turawa ke tattara kayansu, kafin a ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1956. A zamanin shari'a kashi biyu ce. Aure da saki da gado suna hannun Alƙalin Alƙalai, laifuffuka da rigimar ciniki kuwa suna ƙarƙashin Babban Joji, wanda shi ne shugaban kotun ɗaukaka ƙara. Shekara tara ya yi a wannan matsayi.

A 1958 Arewacin Najeriya na shirin mulkin kai, ga kuma matsala. Kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunta laifi bisa mazhabar Malikiyya, waɗanda ba Musulmi ba suna kukan ba za a yi musu adalci ba, Ingila kuma ta matsa sai an gyara. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka ɓullo wa abin. Daga nan aka kafa kwamitin masana shari'a mutum shida, aka ba Abu Rannat shugabanci. Sauran su ne Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Sun zauna a Kaduna cikin Agusta da Satumba, suka gama cikin 'yan makonni.

Shawararsu ita ce a yi kundin laifuffuka guda ɗaya da zai hau kan kowa, a ɗauko tsarinsa daga na Sudan, a bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da wasiyya da wakafi, a kuma yi mata kotun ɗaukaka ƙara tata. Kundin Sudan ɗin ma baƙo ne, domin daga na Indiya na 1860 aka ciro shi a 1899. Amma an daɗe ana aiki da shi a ƙasar Musulmi, kuma wannan ne ya kwantar wa sarakuna da malaman Arewa hankali. A ganina, da Bature ne ya kawo musu takardar nan shi kaɗai, da wuya ta wuce majalisa. Sun karɓa ne don sun ga Musulmi, babban alƙali daga Hartum, ya tsaya mata, alhali tun 1934 malaman Sudan ke koyar da alƙalai a makarantar shari'a ta Kano.

Dokar, wadda Hausawa ke kira Final Kod, ta fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin Najeriya ta sami 'yanci. An riƙa kai alƙalai kwas Zariya don su koye ta, kwamitin kuma ya koma a 1962 ya duba yadda ake tafiya. Ga mai aika kaya ta hannun direba ko dillali, sashe na 311 da 312 su ne na cin amana, 320 zuwa 322 na zamba. Lambar nan 419 da ta yi suna a duniya ta kundin Kudu ce.

A gida kuwa labarinsa na da tabo. Da Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1958, Abu Rannat ya ci gaba da riƙe kujerarsa, aka kuma san shi da kusanci da sojojin. Da jama'a suka tashi a Oktoba 1964 bayan kashe ɗalibi Ahmad Ƙurashi, wasu alƙalan da ke ƙarƙashinsa ne suka fito tare da masu zanga-zanga, ciki har da Babikir Awadalla. Gwamnati ta faɗi, Abu Rannat ya sauka, Babikir ya gaje shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A zamaninsa aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa suna Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mai Wurno kuwa sai bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa ta. Ba shi ya rubuta dokar ba, amma kakanninmu da suka noma audugar Jazira sun sha wahalar neman jinsiyya a ƙarƙashinta, yana kan kujerar shari'a mafi girma a ƙasar.

Bayan saukarsa ya yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙaramin kwamitinta na hana nuna bambanci, inda ya rubuta nazari kan daidaita mutane a gaban shari'a, aka buga shi a 1972. Tsarin da ya kai Kaduna ya fi daɗewa a can. A Sudan Numairi ya sauya kundin da dokokin Satumba 1983, aka sake wani a 1991. A Najeriya jihohi irin su Zamfara sun kawo kundin shari'ar Musulunci daga 2000, amma Final Kod na nan a kotunan majistare na Arewa da Abuja.