Tarihin Baden-Powell, Sojan Da Ya Kafa Ƙungiyar 'Yan Sikawut

Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar boko a Nijeriya ya san 'yan sikawut, da gajeren wandonsu da ƙyallen da suke ɗaurawa a wuya. Wannan ƙungiya ta samo asali ne daga wani sansani na kwana takwas da wani sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya shirya wa yara maza a shekarar 1907.

Haihuwarsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Baden-Powell a birnin Landan ranar 22 ga Fabrairu, 1857. Mahaifinsa malami ne a Jami'ar Oxford, ya rasu yaron yana da shekara uku. A makarantar Charterhouse bai yi fice a karatu ba, sai dai yakan sulale zuwa kurmin da ke bayan makaranta, ya kama zomo ya gasa da ƙaramar wuta don kada malamai su hango hayaƙi.

Aikin Soja

Ya shiga soja a shekarar 1876, aka tura shi Indiya. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896, ta kama Sarkin Asante Prempeh. Sunansa ya fito ne a yaƙin Afirka ta Kudu, inda aka yi masa ƙawanya a garin Mafeking har kwana 217, daga Oktoban 1899 zuwa Mayun 1900. A can ya ga yadda yara suke kai saƙo a kan keke ana harbe-harbe, ya fahimci yaro yana iya riƙe amana idan aka ba shi. Sai dai masana tarihi suna sukarsa kan yadda baƙaƙen fata suka fi kowa shan yunwa a wannan ƙawanya, da kuma hukuncin kisa da ya zartar wa wani basaraken Matabele mai suna Uwini a 1896.

Sansanin Brownsea

Da ya koma gida, sai ya tarar malamai suna koyar da yara da wani ɗan littafi da ya rubuta wa sojoji kan bin sawu da leƙen asiri. Kafin ya sake rubuta shi don yara, sai ya so ya gwada dabarunsa. A farkon watan Agusta na 1907 ya kai yara kusan 20 tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila. Wasu 'ya'yan masu hali ne daga manyan makarantu irin su Eton da Harrow, wasu kuwa 'ya'yan ma'aikata ne daga garuruwan Poole da Bournemouth. A Ingila ta wancan zamani irin waɗannan yara ba sa cuɗanya, don haka haɗa su tanti guda babban gwaji ne.

Ya kasa su gida huɗu, kowane rukuni da sunan dabba ko tsuntsu, kamar Kyarketai da Bijimai da Hankaki, kuma yaro ne shugabansa. Da ƙarfe shida na safe yakan tashe su da busar ƙahon wata dabba mai kama da gwanki, wanda ya zo da shi daga Afirka. Sai motsa jiki da ɗaga tuta da karin kumallo. Kowace rana da darasinta: kafa tanti, ɗaure igiya, hura wuta da girki, bin sawu, da ceton wanda ruwa zai ci ko gobara ta rutsa da shi. Hanyarsa ita ce ya ba da labari a kan darasin da dare a bakin wuta, da safe ya nuna yadda ake yi, da rana yaran su mayar da shi wasa. Akwai wasan da suke shiga kwale-kwale biyu suna tseren sukar wani gungume da aka sassaƙa kamar ƙaton kifi. Kowane dare kuma rukuni guda yakan kwana nesa da sansani, ya dafa abincinsa, ya yi gadin kansa.

Bayan Sansani

Gwajin ya yi nasara. A 1908 ya fitar da littafinsa Scouting for Boys kashi shida, yara suka riƙa saye suna kafa rukunoni da kansu. A 1910 ya ajiye aikin soja, aka kuma kafa ƙungiyar 'yan mata a ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. Ƙungiyar sikawut ta iso Nijeriya a 1915. A babban taron Landan na 1920 aka naɗa shi shugaban 'yan sikawut na duniya.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya koma garin Nyeri na ƙasar Kenya, inda ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1941, yana da shekara 83. A kan kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiya, alamar da ɗan sikawut yake bari a hanya don sanar da 'yan'uwansa cewa ya koma gida.