Alhaji Umaru na Karaci: Bafataken da Bai Ajiye Alƙalami Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a nan Jere ya ga motocin goro suna wucewa zuwa Kaduna da Kano, to ya ga ƙarshen wata tsohuwar sana'a. Kafin mota, da jakai ake ɗauko goron nan daga Gwanja, a yi watanni a hanya. A cikin irin wannan ayari ne mutumin da za mu tuna yau ya tashi, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, limamin Kete-Karaci ta ƙasar Gana. Allah ya jiƙansa.

An haife shi a Kano a 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, mahaifinsa kuwa malami ne kuma bafatake, yana kai kaya Salaga ya dawo da goro. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya shiga littattafai, daga baya ya nufi Sakkwato da Gwandu neman ƙari. Amma uban bai bar shi a zaure kaɗai ba, ya riƙa tafiya da shi fatauci. Nan fa yaron ya samu makaranta ta biyu. Ya ratsa ƙasashen Zabarmawa da Dandawa da Gurmawa da Mosawa, kuma duk inda ayari ya ya da zango, idonsa na kan yadda mutanen wurin ke noma, da abin da suke ci, da yadda suke aure da binne gawa.

Yana wajen shekara ashirin ya rubuta littafinsa na farko da Larabci, kan yadda ake tsara wasiƙa. Ku dubi abin da ya zaɓa. Ya ga fatake suna buƙatar aika saƙo gida, da rubuta bashi, da gaida sarakunan hanya, sai ya yi musu abin da zai amfane su. Mu da muke tura saƙon murya a waya yanzu ba lalle mu gane girman wannan ba, amma a lokacin, takarda ɗaya da aka rubuta daidai tana iya ceton dukiyar shekara guda.

Bayan rasuwar mahaifinsa ya koma Salaga da zama, wajen 1892. Bai daɗe ba yaƙin sarauta ya ɓarke a garin, kasuwa ta watse, baƙi suka kama gabansu. Shi ma ya tattara nasa ya koma Kete-Karaci a bakin kogin Bolta, wadda a lokacin take hannun Jamusawa. Wanda ya taɓa kwashe iyali cikin dare saboda rikici, kuma akwai irinsu da yawa a sahunmu, ya san abin da wannan ƙaura take nufi. A Karaci ya sake kafa gida da makaranta, aka ba shi limanci, ɗalibai suka riƙa zuwa daga zangunan Gana da Togo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a rayuwarsa shi ne mu'amalarsa da Turawa. A Salaga ya san wani Bajamushe, Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, a Karaci kuma ya zauna da wani jami'insu mai suna Mischlich, mai haɗa ƙamus na Hausa. Malam bai guje su ba, bai kuma zama ɗan korensu ba. Ya rubuta musu da ajami abin da ya sani: tarihin Kabi da sauran ƙasashen Hausa, aikin rini da saƙa da ƙira, noman gero da dawa, dokokin kasuwa, har da yadda ake mallakar bayi. Abubuwan da kowa ke gani kullum ba wanda ya ɗauka sun isa a rubuta, shi ya rubuta su. Shi ɗin dai ya yi waƙoƙi masu zafi kan zuwan Nasara da yadda suka karya sarakuna ɗaya bayan ɗaya. Wasu za su ce ai wannan baki biyu ne. Ni ban gani haka ba. Mutum ne da yake son ya fahimci abin da ya faɗo wa duniyarsa, kuma ba a fahimtar abu daga nesa.

Alƙalaminsa bai zaɓi fage ɗaya ba. Ya yi waƙa da Hausa kan talauci da wadata, yana nuna yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi ko da mai ilimi ne. Ya mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙais, mawaƙin Larabawa na jahiliyya, zuwa Hausa don ɗalibansa. Da annobar mura ta 1918 ta shigo, ya tsara waƙa yana bayyana yadda ciwon ke kama mutum. Ya haura hamsin lokacin da ya tafi aikin hajji, kuma a can ma sai da ya durƙusa gaban malamai ya karɓi karatu, shi da ake durƙusa wa a gida.

A cikin gidansa ya maimaita abin da mahaifinsa ya yi masa. Ya karantar da 'ya'yansa tare da almajirai, ɗansa Alhaji Labbo ya taso malami, ana sa ran shi zai gaje shi. Sai Allah ya karɓi ɗan tun uban yana raye, yana tsoho. Malam ya yi masa marsiyya da Larabci, tana cikin abubuwan da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa. Bai jima bayansa ba, ya rasu a Karaci a 1934.

Tsohon garin Karaci yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 tafkin Bolta ya shanye shi. Takardun da ya rubuta wa Krause suna ajiye a Balin, wasu rubuce-rubucensa kuma an tattara su a Jami'ar Gana da ke Legon, masu bincike suna ta karanta su suna fassarawa. Allah ya gafarta masa da iyayensa da namu baki ɗaya, amin.