Harvey Cushing: Likitan da ba ya ƙirga ƙarin ƙwaƙwalwa sai madubi ya tabbatar

Duk wanda ya taɓa zaman jiran sakamakon gwaji a asibiti ya san yadda takarda ɗaya ke girgiza gida. In ƙari ne a ƙwaƙwalwa, sunan da ɗakin gwaji ya ba shi shi ke nuna maganin da za a yi. In an kuskure sunan, to an kuskure maganin ke nan. Harvey Cushing na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata kan sai an tabbatar da wannan suna.

An haife shi ranar 8 ga Afrilu, 1869 a Cleveland ta jihar Ohio a Amurka, gidan likitoci, shi ne auta cikin 'ya'ya 10. Ya yi karatu a Yale, ya gama likitanci a Harvard a 1895, sannan ya koyi tiyata a asibitin Johns Hopkins a hannun William Halsted. Lokacin nan yawancin waɗanda aka buɗe wa kai don cire ƙari ba sa tashi, jini ne ke gamawa da su. Cushing ya ƙirƙiro 'yan matsen azurfa na toshe jijiya, a 1926 kuma ya fara aiki da na'urar lantarki ta William Bovie mai ƙona bakin jijiya. Kafin ya bar aiki a Boston a 1932, masu mutuwa a hannunsa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Amma fa ba ya yarda da ganin ido kawai. Duk ƙarin da ya ciro sai an yanka ɗan tsoka an duba a madubin likita, sannan ya sa shi a lissafi. A Afrilun 1931 ya yi tiyatar ƙari ta 2,000 da aka tabbatar ta wannan hanya. Yakan kuma bi sawun marasa lafiyarsa da wasiƙa shekara da shekaru, don ya ga ko abin da madubi ya nuna ya yi daidai da yadda cutar ta kasance da su. Da irin wannan bayani ne shi da Percival Bailey suka rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa gida-gida a littafinsu na 1926. Dakta Louise Eisenhardt ce ta riƙe rajistar samfuran.

Ya rasu ranar 7 ga Oktoba, 1939 a New Haven. Kwalaben samfuransa suna nan a Yale har gobe.

Yau ɗakunan gwaji na neman alamomi a ƙwayar halittar ƙarin, irin su sauyin IDH, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin ƙa'idar rarraba waɗannan cututtuka. Sai dai kafin a yarda da sabon gwaji, dole a jarraba shi a kan samfuran da aka riga aka san amsarsu, a ga ko yana faɗin gaskiya. Aikin da Cushing ya ɗora wa kansa ke nan tun shekara kusan 100 da suka wuce.