Cesar Chavez: Jagoran leburorin gona da batun baƙin haure a Amurka

A watan Janairun shekara ta 2025, jami'an tsaron kan iyakar Amurka sun kai samame a gundumar Kern da ke jihar Kalifoniya, inda suka riƙa tare motocin leburori a kan hanyarsu ta zuwa gonakin lemo. An kama mutane 78. A kwanakin da suka biyo baya ma'aikata da yawa sun ƙi fitowa daga gidajensu, alhali kuwa lokacin tsinkar lemo ne.

Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan gona ta United Farm Workers, wadda ake kira UFW a taƙaice, ita ce ta shige gaba wajen maka hukumar a kotu. Shekaru hamsin kafin wannan rana, ita wannan ƙungiyar ce ke tattara sunayen baƙin haure tana miƙa wa jami'an shige da fice, bisa umarnin mutumin da ya kafa ta, Cesar Chavez.

Daga gonar gado zuwa ci-rani

An haifi Cesar Estrada Chavez ranar 31 ga watan Maris na 1927 kusa da garin Yuma a jihar Arizona. Kakansa ya taso ne daga Meziko, ya sari daji ya kafa gona a wurin. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bashin haraji ya cinye gonar. Iyalin suka ɗaure kayansu a mota suka nufi Kalifoniya, suka shiga sahun 'yan ci-rani masu bin kaka daga wannan kwari zuwa wancan: yau auduga, gobe inabi, jibi latas.

Yaron ya zauna a makarantu fiye da 30 kafin ya bar karatu a aji na takwas a 1942. Ya yi aiki da gajeriyar fartanyar nan da ke tilasta wa mutum wuni a sunkuye, wadda masu gonaki ke so saboda daga nesa mai sa ido zai gane wanda ya miƙe. Ya yi shekaru biyu a rundunar sojin ruwa, ya auri Helen Fabela a 1948, suka haifi 'ya'ya takwas.

Dokar ƙwadago ta 1935 da ta bai wa ma'aikatan Amurka 'yancin yin ciniki da masu ɗaukarsu aiki ta hannun ƙungiya, ta tsame leburorin gona. Haka ita ma dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938. A cikin wannan giɓi Chavez ya girma.

Shirin Bracero

A 1942, yayin da yaƙin duniya na biyu ya kwashe majiya ƙarfi, Amurka da Meziko suka ƙulla yarjejeniyar shigo da leburori na wucin gadi. An san shirin da sunan Bracero, kalmar Sifaniyanci da ke nufin mai aikin ƙarfi da hannu. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma shirin bai ƙare ba sai 1964, bayan an sanya hannu a kan kwantiragi kimanin miliyan 4 da dubu 600.

A kan takarda, ba a ɗaukar baƙo sai an rasa ɗan ƙasa. A gona kuwa akasin haka ake yi. Chavez ya gane wa idonsa a garin Oxnard a 1958, lokacin yana aiki da wata ƙungiyar kare haƙƙin Amurkawa 'yan asalin Meziko mai suna CSO, wadda Fred Ross ya jawo shi cikinta a 1952. Kowace safiya sai ya jagoranci mazauna garin zuwa ofishin samar da aiki, a ce musu babu gurbi, shi kuma ya rubuta, alhali ga motoci suna wucewa cike da leburorin Bracero. Ya matsa lamba har masu gonaki suka fara ɗaukar 'yan gari. Yana barin garin aka koma gidan jiya.

Darasin da ya ɗauka daga Oxnard shi ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Leburan da za a iya tasa ƙeyarsa gida gobe ba ya iya neman ƙari, kuma muddin akwai irinsa a bakin ƙofa, yajin aikin ɗan ƙasa ba shi da haƙora. A nan bai yi kuskure ba. Inda ake jayayya shi ne a kan wa ya kamata ya huce.

Yajin aikin inabi

A 1962 ya ajiye muƙaminsa a CSO, ya koma garin Delano, shi da Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona. Kuɗin ƙungiya dala 3 da senti 50 ne a wata, kuma gida-gida ake bi a karɓa.

Ba shi ne ya fara yajin aikin da ya fito da sunansa ba. Ranar 8 ga Satumban 1965 leburori 'yan asalin Filifin, a ƙarƙashin Larry Itliong, suka fice daga gonakin inabin Delano suna neman dala 1 da senti 40 a awa. Masu gonaki sun saba karya yajin wata ƙabila da 'yan wata ƙabilar, don haka Itliong ya nemi Chavez. Bayan kwana takwas mutanen Chavez suka jefa ƙuri'ar shiga.

Da ya ga ana cike gurbin masu yaji da sababbin hannaye, sai ya kwashe faɗan daga gona ya kai shi kasuwa. Ya tura leburori zuwa biranen New York da Boston da Chicago da Toronto, suna tsayawa a ƙofar kantuna suna roƙon jama'a su ƙaurace wa inabi. A 1966 ya jagoranci tattaki na kimanin mil 300 daga Delano zuwa Sacramento, babban birnin jihar. Kafin su isa, kamfanin Schenley ya amince da ƙungiyar, kuma yarjejeniyar da ta biyo baya ta ɗaga lada daga dala 1 da senti 25 zuwa dala 1 da senti 75, wato ƙarin kashi 40 cikin 100.

A 1968, ganin wasu mabiyansa sun fara karkata ga tashin hankali, ya ƙaurace wa abinci na kwana 25, ba ya shan komai sai ruwa. Ɗan ɗariƙar Katolika ne mai riƙo da addini, kuma ya karanta tarihin Gandhi sosai. Sanata Robert Kennedy na zaune kusa da shi ranar da ya kawo ƙarshen wannan azumi nasa. A watan Yulin 1970 manyan masu gonakin inabin Delano suka sa hannu a kan dala 1 da senti 80 a awa, tare da asusun kula da lafiya.

Me ya ɗaga ladan?

An daɗe ana cewa rufe shirin Bracero ne ya ɗaga ladan leburori, tunda hannaye sun ragu. Wani bincike da masana tattalin arziki Michael Clemens da Ethan Lewis da Hannah Postel suka wallafa a 2018 ya girgiza wannan zance. Sun kwatanta jihohin da suka rasa leburori masu yawa da waɗanda kusan ba su taɓa amfani da su ba, suka tarar lada ya tashi kusan daidai a ɓangarorin biyu. Abin da masu gonaki suka yi shi ne komawa ga inji. Injin tsinkar tumatir da jami'ar Kalifoniya reshen Davis ta ƙera ya mamaye gonakin tumatirin gwangwani na jihar cikin 'yan shekaru. Inda inji bai iya aiki ba, wasu suka sauya abin da suke shukawa.

Leburorin ma ba su daina zuwa ba. Takarda ce kawai suka daina zuwa da ita. A 1965 hukumar shige da fice ta kama baƙin haure kimanin dubu 110. A 1977 adadin ya haura miliyan 1. Ke nan ƙarin da aka samu a Delano ya fi kama da ɗan ƙungiya da ƙauracewar masu saye, ba ɗan rufe iyaka ba.

Shekarun da suka ɓata masa suna

A 1973 kwantiragin inabi suka ƙare, masu gonaki suka juya wa UFW baya suka ƙulla da ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Teamsters. An kama dubban masu yaji, biyu suka rasa rayukansu. Ɗaya daga cikinsu Nagi Daifallah ne, Musulmi ɗan ƙasar Yaman mai shekaru 24, wanda ke yi wa 'yan uwansa Larabawa tafinta. Ya rasu a watan Agusta sakamakon raunin da ya samu a ka lokacin da wani ɗan sanda ya bi shi a garin Lamont, kuma ƙungiyar ta ce da tocila aka buge shi. Dubban leburori suka raka gawarsa kafin a kai ta gida.

Chavez ya ɗora alhakin faɗuwar yajin a kan baƙin haure. Tun a 1969 ya yi tattaki zuwa kan iyakar Meziko don nuna adawa da amfani da su wajen karya yaji, amma a 1974 ya wuce nan. Ya umarci ofisoshin ƙungiyar su riƙa gano marasa takardu a gonaki suna kai rahotonsu ga hukuma, yana kuma zargin hukumar da haɗa baki da masu gonaki. A Arizona, ɗan uwansa Manuel Chavez ya kafa tantuna a kan iyaka kusa da garin San Luis, ya zuba mutane suna tare masu tsallakowa. An samu rahotanni masu yawa na duka da azabtarwa. Chavez bai tsawata masa ba.

Ƙungiyoyin 'yan asalin Meziko da dama suka yi masa ca, cikinsu har da ta Bert Corona, wanda ke ganin maganin mai karya yaji shi ne a jawo shi cikin ƙungiya. A 1977 baƙin haure masu tsinkar lemo a wata gona kusa da birnin Phoenix suka shiga yajin aiki, tare da taimakon wasu tsofaffin jami'an UFW, suka kuma samu biyan buƙata. Mutanen da Chavez ya ɗauka ba za su taɓa iya tsayawa ba, sun tsaya.

Daga baya ya sassauta. Ƙungiyar ta karɓi marasa takardu a matsayin mambobi, ta kuma goyi bayan halatta zamansu. Dokar da shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu a 1986 ta bai wa mutane kimanin miliyan 2 da dubu 700 takardun zama, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ta ƙofar aikin gona. Da yawa suna samun takarda suka bar gona suka koma gine-gine da masana'antu, sababbin baƙi suka maye gurbinsu.

Lissafin farashi

Duk lokacin da leburori suka nemi ƙari, amsar masu gonaki ita ce abinci zai yi tsada. Yajin aikin latas na 1979 ya nuna yadda abin yake da sarƙaƙiya. Latas ya yi ƙaranci, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har masu gonakin da yajin bai shafa ba suka kwashi riba fiye da ta kullum. A ƙarshe mafi ƙarancin lada ya tashi daga dala 3 da senti 70 zuwa dala 5. Ƙarancin kaya ne ya tayar da farashin, tun kafin a ƙara wa kowa ko sisi.

Masanin tattalin arzikin noma Philip Martin ya yi lissafin cewa a cikin kowace dala da Ba'amurke ya kashe a kan kayan lambu da 'ya'yan itace, abin da ke isa hannun lebura bai wuce senti 10 ba. A ƙiyasinsa na 2020, ƙarin kashi 40 cikin 100 irin na 1966 zai ƙara wa iyali guda kimanin dala 25 ne kacal a shekara. Abin da ke taɓa aljihun mai saye da gaske shi ne amfanin gona ya ruɓe babu mai tsinka.

Ƙarshen rayuwa

Babbar nasararsa ta siyasa ita ce dokar 1975 da gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu, wadda ta bai wa leburorin gonar Kalifoniya 'yancin zaɓen ƙungiya ta ƙuri'ar sirri. A wannan shekarar ce kuma aka haramta gajeriyar fartanya. Bayan haka sai ya janye jiki zuwa hedikwatarsa ta La Paz a kan tsaunuka, ya shiga zargin na kusa da shi da cin amana, ya kori da yawa daga cikin ƙwararrun da suka gina ƙungiyar. Ziyarar da ya kai wa shugaba Ferdinand Marcos na Filifin a 1977 ta raba shi da tsofaffin abokan gwagwarmaya. Ƙungiyar da ta taɓa riƙe kwantiragin dubun-dubatar leburori ta koma 'yan dubbai.

A 1988 ya sake ƙaurace wa abinci na kwana 36 a kan magungunan feshi. Ya mutu cikin barci ranar 23 ga Afrilun 1993 yana da shekaru 66, a San Luis, garin da ɗan uwansa ya taɓa kafa tantuna. Shugaba Bill Clinton ya ba shi lambar yabo mafi girma ta farar hula a 1994, aka sa sunansa a tituna da makarantu.

A watan Maris na 2026 jaridar New York Times ta wallafa bincike inda wasu mata suka zarge shi da yin lalata da su tun suna yara, ita ma Dolores Huerta ta fito ta ce ya yi mata fyaɗe a shekarun 1960. UFW ta janye daga bukukuwan tunawa da shi, jihar Kalifoniya kuma ta sauya sunan ranar hutunsa zuwa ranar ma'aikatan gona.

A gonakin kuwa, alƙaluman gwamnati na 2020 zuwa 2022 sun nuna kashi 42 cikin 100 na leburorin da ake ɗauka aikin amfanin gona ba su da izinin aiki, idan aka kwatanta da kimanin kashi 14 a farkon shekarun 1990. Shirin baƙin leburori na H-2A, magajin Bracero, ya bunƙasa daga gurabe kimanin dubu 48 a 2005 zuwa fiye da dubu 370 a 2023. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta amsa a rubuce cewa tsuke shige da fice na barazana ga samar da abinci da farashinsa, kuma a cikin wannan takarda ta rage mafi ƙarancin ladan da doka ta wajabta a biya leburorin H-2A.