J.R.R. TOLKIEN: MARAYAN DA YA ƘIRƘIRO AL'UMMU DA HARSUNANSU

Mu malamai mun san wahalar duba takardun jarrabawa. Wajen shekara ta 1930, wani malami a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila yana fama da irin wannan aiki domin ya sami ɗan ƙarin kuɗin riƙon iyali, sai ya iske wani ɗalibi ya bar shafi guda babu rubutu. A kan wannan shafi ya rubuta jimla ɗaya game da wata halitta mai zama a cikin rami, ya sa mata suna Hobit. Sunan malamin John Ronald Reuel Tolkien, kuma wannan jimla ita ce mafarin littattafan da suka sa duniya ta san shi.

An haife shi ran 3 ga Janairu, 1892, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa yake aikin banki. Yana da shekara 3 mahaifiyarsa Mabel ta kai shi Ingila tare da ƙanensa. Mahaifin ya rasu a 1896, suka zauna kusa da birnin Birmingham cikin rashi. Mabel ce ta fara koya masa Latin da Faransanci. A 1900 ta shiga ɗarikar Katolika, dangi suka yi fushi suka janye taimakonsu. Ciwon sukari ya kashe ta a 1904, tun ba a gano allurar insulin ba. Yaron yana da shekara 12 ke nan, ba uwa ba uba. Wani limamin coci, Fada Francis Morgan, shi ya riƙe su.

Yana ɗan shekara 16 ya sadu da wata marainiya mai suna Edith Bratt, suka so juna. Fada Morgan ya ga karatu zai lalace, ya hana shi ganinta ko rubuta mata wasiƙa sai ya cika shekara 21. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma ya yi biyayya. Ranar da ya cika 21 ya rubuta mata. Ta riga ta yi wa wani alkawari, amma ta warware, aka ɗaura musu aure a 1916. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

A wannan shekara aka tura shi Faransa, fagen Yaƙin Duniya na Farko, ya shiga gumurzun Somme. Abokansa biyu na kusa tun daga makarantar sakandare sun mutu a can. Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata take kawowa ya kama shi, aka mai da shi gida. Yana jinya ya soma rubuta labaran wata tsohuwar duniya ta ƙirƙira.

Ga abin da ya bambanta shi da sauran marubuta. Tun yana yaro yake ganin sunaye cikin harshen Welsh a jikin taragon gawayi na jirgin ƙasa, daɗin lafazinsu ya kama shi. Yana jami'a kuma ya ci karo da littafin nahawun harshen Finland. Daga waɗannan biyu ya gina harsuna nasa na kansa, Quenya da Sindarin, da nahawunsu da haruffansu. Amma harshe ba ya rayuwa sai da masu magana da shi, su kuma sai da ƙasa da tarihi. Wato harshe ya fara yi, sa'an nan ya nema masa mutane.

Ta haka al'ummunsa suka samu. Akwai Elf, kyawawa masu hikima, waɗanda tsufa ba ya kashe su, amma baƙin cikin ganin kome yana shuɗewa ba ya rabuwa da su. Akwai wadanni, maƙera masu haƙar duwatsu, jarumai masu taurin kai da son zinariya. Akwai Ent, makiyayan itatuwa, waɗanda ba su yin garaje. Akwai Ok, mugayen mayaƙa bayin azzalumi, akwai kuma 'yan Adam. Su Hobit kuwa gajeru ne, ba su wuce ƙafa huɗu ba, ba su sa takalmi, ba abin da suke so kamar noma da abinci da zaman lafiya. Har yau masu karatu suna gardama a kan wace al'umma ce ta fi burge su.

Littafin The Hobbit ya fito a 1937, bayan ɗan mai kamfanin ɗab'i, yaro mai shekara 10, ya karanta ya yaba, aka biya shi sule guda. Aka roƙi Tolkien ya ci gaba. Ya yi shekara 12 yana rubutu, galibi da dare bayan aikin koyarwa, kafin The Lord of the Rings ya fito kashi uku a 1954 da 1955. A 2003, a wata ƙuri'a da BBC ta shirya, mutanen Birtaniya sun zaɓe shi littafin da suka fi so.

Labarin a kan wani zobe ne mai ba da iko, wanda yake lalata duk mai riƙe da shi. Cikin al'ummun nan duka, nauyin hallaka zoben ya fāɗa a kan Hobit, mafi ƙanƙanta, wato Frodo da baransa Sam. Tolkien ya ɗauko halin Sam daga talakawan sojojin da ya gani a yaƙi. A ƙarshe ma Frodo ya kāsa jefar da zoben. Abin da ya cece shi shi ne jinƙan da aka nuna wa wani mugu mai suna Gollum, wanda aka bari da rai sa'ad da ana iya kashe shi.

Waɗansu iyaye sukan ɗauki irin wannan littafi ƙarya ce da ɓata lokaci. Abokinsa C.S. Lewis ma haka yake gani game da tatsuniyoyi. Wani dare a watan Satumba na 1931, Tolkien da wani abokinsu suka yi doguwar hira da shi, suka nuna masa cewa tatsuniya tana iya ɗauke da hasken gaskiya, Bishara kuwa labari ne da ya auku da gaske. Ba a daɗe ba Lewis ya ba da gaskiya ga Almasihu, daga baya ya rubuta littattafan Narnia. Tolkien kuma ya sa hannu a fassarar Littafin Yunusa cikin Jerusalem Bible ta 1966.

Edith ta rasu a 1971, shi kuma ran 2 ga Satumba, 1973, yana da shekara 81. Kabarinsu ɗaya ne a Oxford. Ɗansa Christopher ya tattara sauran rubutunsa ya fitar da The Silmarillion a 1977.

Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai marayu, akwai masu jin su ba kome ba ne, akwai kuma masu jin kunyar harshen iyayensu. Ku tuna da wannan maraya da ya ɗauki harshe abu mai daraja, ya kuma ba mafi ƙanƙanta aiki mafi girma. Muna fata a hutun nan kowannenku zai nemi littafi ya karanta, ya zauna kusa da kakarsa ya rubuta tatsuniyoyinta cikin harshenta. Allah ya taimake mu.