Santiago Ramón y Cajal: Likitan da ya bi sawun jijiya tun daga cikin ƙwai

An haifi Santiago Ramón y Cajal ranar 1 ga Mayu, 1852, a ƙauyen Petilla de Aragón da ke arewacin Sifaniya. Ya taso da ƙiriniya, har sai da aka tsare shi yana ɗan shekara 11 saboda ya farfasa ƙofar maƙwabci da wata igwa da ya ƙera da hannunsa. Mahaifinsa, wanda likita ne, ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma ko zai natsu, alhali shi zane ne a ransa. A ƙarshe ya kammala karatun likita a Zaragoza a 1873, ya tafi Kuba a matsayin likitan soja, ya dawo da zazzaɓin cizon sauro.

A wancan zamani, yawancin masana sun ɗauka ƙwaƙwalwa raga ce guda ɗaya wadda babu yanka a cikinta. A 1887 Cajal ya ga wata dabarar rini da azurfa ta Camillo Golgi, ɗan Italiya, wadda ke baƙanta ƙwayoyin jijiya ƙalilan ta bar sauran. Hikimarsa ita ce barin ƙwaƙwalwar babba, wadda ta cushe kamar ƙurmi, ya koma ga ta tsuntsaye da 'yan tayi, inda rassan ba su gama sarƙewa ba. A 1888 ya nuna cewa kowace ƙwayar jijiya zaman kanta take, tana kusantar 'yar'uwarta ba tare da sun narke sun zama ɗaya ba. Zanen da aka so raba shi da shi ne ya zama hujjarsa.

A 1890, cikin lakar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, ya hango wani ɗan kumburi mai yatsu a bakin zaren jijiya mai girma. Nama matacce yake kallo a madubi, amma ya fahimci cewa abin lalube yake yi yana neman hanya. Bayan shekara biyu ya kawo ra'ayin cewa wasu sinadarai ne ke jan zaren zuwa inda zai sauka. Ba shi da hanyar tabbatar da hakan. Sai a 1994 aka ware furotin ɗin netrin, ɗaya daga cikin irin waɗannan sinadarai. Yanzu an san cewa ƙwayoyin gado, irin su dangin Hox, su ne ke sanar da ƙwayar jijiya matsayinta a tsawon laka, da kuma irin kiran da za ta amsa.

A 1906 aka raba lambar Nobel tsakaninsa da Golgi, wanda ya yi amfani da jawabinsa a Stockholm wajen sukar ra'ayin abokin rabon nasa. Madubin lantarki ya raba gardamar a shekarun 1950, lokacin da aka ga ɗan ratar da ke tsakanin ƙwayoyin.

Akwai wani fannin rayuwarsa da ba a cika ambata ba. Daga 1907 ya shugabanci hukumar gwamnati mai tura matasan Sifaniya ƙaro ilimi a ƙasashen waje, aiki mai kama da wani sashe na abin da TETFund ta riƙa yi a nan a baya, kuma bai sauka daga kujerar ba har rasuwarsa a Madrid ranar 17 ga Oktoba, 1934.