Michael Imoudu: Darasi ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Mai karatu, a duk lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki, nakan ji 'yan kasuwarmu na Yankara da Funtuwa suna kokawa kan asarar ciniki. Kukansu na kan hanya, amma ina ganin ya dace su san tarihin Michael Imoudu kafin su yanke hukunci.

An haife shi a shekarar 1902 a yankin da ake kira Jihar Edo a yau. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma shi ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan reluwe da aka yi wa rajista a 1940, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938. Turawan mulkin mallaka sun tsare shi a 1943 saboda fafutukar neman ƙarin albashi. Da aka sako shi a 1945, sai ya shige gaba a yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40, lokacin da tsadar rayuwa ta yaƙin duniya na biyu ta gallabi talakawa. Ko shakka babu fatake sun ji jiki, domin jirgin ƙasa ne ke kwasar gyaɗa da auduga daga Arewa zuwa bakin teku. Daga bisani kwamitin Tudor Davies ya amince da ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, kuɗin da a ƙarshe kasuwa suka koma.

A jamhuriya ta biyu ya shiga jam'iyyar PRP, kuma da ta dare gida biyu, shi ya shugabanci ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Ya rasu a 2005, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta yi wa dokar ƙwadago gyaran fuska, inda shiga ƙungiya ya zama ganin dama, aka kuma tsaurara sharuɗɗan yajin aiki.

A nawa ra'ayin, ɗan kasuwar da ke murna da raunin ƙungiyar ƙwadago yana sare reshen da yake zaune a kai ne, domin albashin malamin makaranta shi ke sayen masara da atamfa. Su kuma shugabannin ƙwadago, ya kamata yajin aiki ya zama makamin ƙarshe, saboda mai tumatir ba ya iya jiran a gama sulhu. Duk gyaran dokar da za a yi nan gaba, a zauna da ɓangarorin biyu. Allah Ya sa mu dace.